Tambaya da Amsa: An rage mini tumbi, anya nonona zai ishi jaririna?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki. Don Allah a sakaya sunana. Shekara biyu da rabi da suka wuce na je Masar aka yi mini aikin rage tumbi, irin wanda suke ce wa silib. Ƙiba ce ta sa ni gaba, ga hawan jini, ga ciwon gwiwa, ga shi na shekara shida da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Daga kilo 128 na sauko 81, kuma Allah cikin ikonsa na samu ciki. Yanzu yarona yana da sati biyar, ina wanka a gidanmu. Ban da maigidana da yayata babu wanda ya san an yi mini aikin.

Kullum da safe gwaggona za ta ciko kwano da kunun kanwa ta tsaya a kaina sai na shanye. Rabin kofi nake sha in cika. In na matsa sai amai, wani lokaci zufa ta keto mini, zuciyata ta dinga bugawa, jiri ya ɗebe ni. Yaron yana yawan kuka da yamma, su kuma suna cewa yunwa ce, tun da uwarsa ba ta ci ina zai samu. Na sayi injin tatsa, bayan ya gama sha na tatsa minti 20 ban samu ko mililita (mil) 40 ba, alhali ina ganin wasu mata a intanet suna cika kwalba biyu. Nonon nawa ma ya saki ya zube tun da na rame. Magungunan bitamin da aka ɗora ni a kai na daina sha tun cikin yana wata bakwai, sun ƙare kuma kuɗinsu ya tashi. Kwanan nan ina jin tafin ƙafata yana yi mini tsatstsaki da daddare. In ya cika wata uku zan koma ofis. Anti, aikin ne ya kashe mini nono? In haɗa masa da madarar gwangwani?

Mai jego, daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da sauka lafiya, Allah ya raya shi, ya sa mai albarka ne. Bayan shekara shida ana jira, wannan ba ƙaramar kyauta ba ce.

Zan zo kan maganar inji da mil 40, amma bari in fara da layi biyun da kika saka a kusa da ƙarshen wasiƙarki, na daina shan magani da na tafin ƙafa. Su ne suka hana ni ajiye wasiƙar zuwa fitowa ta gaba.

Akwai bitamin da ake kira B12. Ana samunsa a nama da hanta da kifi da ƙwai da nono, amma jiki ba ya iya ɗaukarsa haka kawai. Sai ruwan tsamin tumbi ya raba shi da abincin, sannan ya haɗu da wani sinadari da bangon tumbin ke fitarwa, su gangara tare har ƙarshen ƙaramin hanji, a can ne yake shiga jini. A aikin da aka yi miki ana cire kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbin, kuma da shi ake tafiya da mafi yawan wurin da ke samar da waɗannan abubuwa biyu. Hanta tana da ajiyar B12 da kan ɗauki mutum shekaru, shi ya sa ƙarancinsa ba ya bayyana a shekarar farko. Yakan fito ne daidai lokacin da mace ta saki jiki tana ganin ta warke sarai, shekara biyu ko uku bayan aikin. Ke kuma kin ɗauki ciki a tsakani, cikin ya ci daga wannan ajiya, sannan kika daina ƙarawa.

Yaronki ba shi da wata hanyar samun B12 sai ta nononki. Nonon da ba shi da isasshensa fari ne tas, yana zuba, yana cika kwalba, ido ba zai taɓa bambance shi da mai kyau ba. Likitoci sun rubuta labarin jarirai da aka kai asibiti daga iyayen da aka yi wa aikin rage ƙiba, yawanci bayan yaron ya yi wasu watanni: ya yi laƙwas, barci ya yi masa yawa, ya rage kama nono, ya daina murmushin da ya fara, wuyansa ya ƙi tsayawa, jikinsa ya yi fari. In an gano da wuri yakan farfaɗo da sauri. In an makara, illar da ta taɓa ƙwaƙwalwa ba lallai ta goge duka ba. Ba don in firgita ki na faɗa ba. Na faɗa ne don maganin abin yana da araha ƙwarai in aka gwada shi da abin da zai hana.

A cikin satin nan, ba bayan arba'in ba, ki je asibitin da ke da ɗakin gwaji mai kyau. Ki buɗe baki ki ce wa likita an yi miki aikin rage tumbi, ki faɗi shekarar, ki faɗi watan da kika daina shan magani. Ki nemi a duba yawan jini, da ajiyar sinadarin ƙarfe da ake kira feritin, da B12, da folik, da bitamin D, da kalsiyam, in da hali har da bitamin A. Kada ki yarda da “an auna jininki ya isa” a matsayin amsa. Ƙwayar folik ɗin nan da ake ba kowace mai ciki a wurin awo tana iya gyara lissafin jini ta rufe alamar ƙarancin B12, alhali jijiyoyi suna ci gaba da lalacewa a ɓoye. In gwajin ya nuna naki ya yi ƙasa, a duba na yaron shi ma. Hanya mafi tabbas ta mayar da B12 jiki ita ce allura, don ba ta bi ta tumbi. A Ingila ƙa'idar da ake bi ga waɗanda aka yi wa irin aikinki ita ce allurar miligiram 1 duk wata 3, har iya rayuwa, kuma in an samu ƙaranci ana fara ta a jere kafin a koma wannan tazara. Muddin kina shayarwa, a riƙa maimaita gwajin jinin duk wata 3.

Aman da kike yi kullum shi ma ba abin wasa ba ne. Ajiyar bitamin B1 a jiki ba ta wuce ta sati biyu zuwa uku, kuma yawan amai bayan aikin tumbi shi ne babban abin da ke ƙarar da ita. Tsatstsakin ƙafa yana iya zuwa daga nan ma. Ki gaya wa likitan maganar aman. In kuwa kika fara ganin abu biyu-biyu, ko tafiyarki ta koma tangaɗi, ko kanki ya riƙa rikicewa, wannan na gaggawa ne, a kai ki asibiti a ranar.

Wasu abubuwan, irin su kalsiyam da ƙarfe da folik, jikin uwa zai ciro su daga ƙashinta da jininta ya zuba a nono ko tana da su ko ba ta da su. Yaro ya samu, uwa ta ƙare. Don haka ki koma kan magungunanki gaba ɗaya. In wanda kika zo da shi daga waje ya fi ƙarfin aljihu, ki nuna wa likita ko mai ilimin magunguna kwalinsa ya haɗa miki makamancinsa daga abin da ke kasuwarmu. Ki raba maganin ƙara jini da na kalsiyam da aƙalla awa biyu, kuma kada ki kora na jinin da shayi, yana hana shi shiga jiki. Ki kuma tambayi likitan yara game da ɗigon bitamin D na jarirai.

To, yanzu nonon.

Wuƙar likita ba ta taɓa shi ba. Abin da ya zube da kika rame kitse ne, kuma kitse ba ya yin ruwan nono. Ƙwayoyin da ke yin sa suna nan yadda Allah ya halitta miki su, cikin da kika ɗauka ma ya ƙara musu girma. Nono rijiya ce mai idon ruwa: gwargwadon yadda ake ja, gwargwadon yadda take kawowa, in an bar ta cike kuma sai ta tsaya. Jaririn sati biyar yana buƙatar kama nono sau 8 zuwa 12 a yini da kwana, kuma shan dare yana da muhimmanci na musamman, domin sinadarin da ke umartar jiki ya yi nono ya fi hauhawa da daddare. Duk wanda ya ce a ɗauke miki shi ki yi barci a ba shi wani abu, da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma nonon yake ragewa.

Mil 40 bayan yaro ya ƙoshi ya saki ba ƙaranci ba ne, saura ne. Mace mai shayarwa sosai in ta tatsa bayan yaro ya sha takan samu tsakanin mil 15 da 60 daga duka biyun. Matan da kike gani da kwalabe cike yawancinsu ko dai tatsa kaɗai suke yi yaron ba ya kamawa, ko kuma nono ya yi musu yawa fiye da kima, wanda shi ma yana da tasa wahalar. Babu injin da ya kai bakin jariri iya ja. Kukan yamma kuwa, yawancin jarirai suna yin sa, yakan kai ƙololuwa wajen sati shida sannan ya fara sauka, har da waɗanda iyayensu ke cinye kwano biyu.

Abin da zai gaya miki gaskiya shi ne sikeli da fitsari. Yaron da ke samun nono yana jiƙa nafkin ko famfas aƙalla sau 6 a kwana ɗaya, fitsarin ba mai duhu ba, kina jin ƙarar haɗiyarsa in yana sha, kuma ya kamata a ce ya mayar da nauyin haihuwarsa tun yana sati biyu. A watanni ukun farko ana sa ran ƙarin giram 150 zuwa 200 ko fiye a kowane sati. Sati mai zuwa za ki kai shi rigakafin sati shida. Ki sa a cire masa kaya a auna shi, a rubuta a kati, ki koma bayan sati ɗaya a hau sikeli ɗaya. In yana hawa, magana ta ƙare, ki ajiye injin har lokacin da za ki buƙace shi.

In ba ya hawa fa? Ba zan ɓoye miki ba, akwai matan da nononsu ke yin ƙasa bayan wannan aiki. Wani lokaci don abin da suke ci da sha ya yi kaɗan ƙwarai ne. Wani lokaci kuma dalilin ya girmi aikin: matsalar ƙwan mace da ke haɗa ƙiba da rikicewar al'ada da jinkirin haihuwa, wadda tarihinki ya sa nake tunaninta, ko ciwon suga, ko matsalar maƙoƙo. Zubar jini mai yawa wajen haihuwa, ragowar mabiyiya a mahaifa, da ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin duk suna rage nono. Haka wadda ta ƙara da aikin ɗaga nono ko rage shi bayan ta rame, musamman in an yanka a kewayen baƙin, don nan ne hanyoyin nono da jijiyoyi suke. Ba ki ce an yi miki wannan ba, amma in an yi ki faɗa wa likita. Matakin farko shi ne a gyara kamun yaron, a yawaita ba shi, ki tatsa bayan ya sha ki ba shi abin da kika samu da ƙaramin kofi ko cokali. In an yi haka sikeli bai motsa ba, a ƙara masa madarar jarirai bisa awon da ma'aikacin lafiya ya faɗa, kina ci gaba da ba shi nono kafin kowace madara. Ni ban ɗauki wannan a matsayin gazawa ba, kuma ba na son kowa ya sa ki ɗauke shi haka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fara madara saboda kukan yamma da maganar mutane, ba tare da an auna yaro ba. Ruwa kuwa, ko na jiƙo ko na zalla, ba ya cikin lissafi kafin wata shida, duk zafin Kano.

Nonon da ya saki yana da dabarar riƙo. Ki naɗe ƙaramin tawul ki sa a ƙarƙashinsa ya ɗago, ki tallafe shi da yatsu huɗu a ƙasa babban yatsa a sama, nesa da baƙin, ki kawo yaron wurin nono maimakon ki sunkuya ki kai masa. Ya buɗe baki sosai ya kama har da baƙin, haɓarsa ta nutse a ciki. Matan da nononsu ke da laushi da yawa sukan fi jin daɗin kwanciya a gefe, ko riƙe yaron ta ƙarƙashin hammata ƙafafunsa suna baya.

Sai gwaggo da kwanonta. Ina ganin girmanta, don abin da aka yi mata ta ga amfaninsa take yi miki. Amma zufar nan da bugun zuciya da jiri suna da dalili: abu mai ruwa-ruwa mai zaƙi yana wucewa ta ɗan tumbinki da sauri ya afka hanji gaba ɗaya, ya janyo ruwa daga jini, bayan awa ɗaya zuwa uku kuma sugan jini ya faɗi. Kunu ya cika miki ɗan wurin da kike da shi da gari da suga, ya hana abin da ke gina jiki shiga. Ga kuma kanwar kanta, wadda gishiri ce. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego a yankin da shan kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon wuta. Ke da kika taɓa hawan jini, kanwa ba taki ba ce. A auna hawan jininki ranar rigakafin, kuma in ƙafa ta kumbura, ko haki ya kama ki, ko kin kasa kwanciya sai a jingine, kada a jira gari ya waye.

Cinki ya zama kaɗan-kaɗan sau shida zuwa takwas a rana, kuma abin gina jiki ya fara shiga kafin tuwo ko shinkafa. Wanda aka yi wa aikin nan yana buƙatar aƙalla giram 60 na furotin a rana, mai shayarwa kuma fiye da haka. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, kin ga sai an dage. Farfesun kaza ko na kifi da ya dahu luguf, kindirmo marar suga, awara, alale, dambun nama, hanta sau ɗaya a sati, gyaɗa kaɗan a tsakani. Ki tauna sosai. Kada ki haɗa ci da sha, ki bar kamar minti 30 tsakaninsu, sannan ki riƙa kurɓar ruwa duk lokacin da yaro ke kan nono har ki kusa lita 2 a rana. Wannan ba lokacin tsoron dawowar ƙiba ba ne, shayarwa kaɗai tana cin kusan kalori 500 kullum. Za a ce miki ki sha hulba. Hujjar cewa tana ƙara nono ba ta da ƙarfi, kuma tana iya saukar da suga ta sa zawo, abin da ke ba ki buƙata. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da ake yawan ba masu jego su ma ki kauce musu sai da izinin likitan da ya san an yi miki aiki, suna iya jawo gyambo a tumbin. Farasitamol ya wadatar.

Duk wannan ba zai yiwu a gidan da ba a san gaskiya ba. Sirrinki naki ne, ba sai dangi sun ji ba, amma Hajiyarku ta cancanci ta sani, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ki sa yayarki ta zauna tare da ku. Ba sai an yi dogon bayani ba: “Hajiya, likita ya yi mini aiki a tumbi saboda hawan jini, yanzu ba ya ɗaukar fiye da rabin kofi, kuma an hana ni kanwa.” Ita za ta san yadda za ta shawo kan gwaggo ba tare da ran kowa ya ɓaci ba. Ki ba gwaggon wani aikin ma, ki ce ita za ta riƙa yi miki farfesun.

Game da ofis, ki fara tatsa sati biyu ko uku kafin ki koma, sau ɗaya a rana, da safe bayan ya sha, lokacin da nono ya fi yawa. Jariri tsakanin wata ɗaya da shida yana shan kusan mil 750 zuwa 800 a kwana ɗaya, don haka na awa 8 ko 9 da ba kya nan bai wuce mil 250 zuwa 300 ba, kuma abin da kika tatsa a ofis yau shi zai sha gobe. A wurin aiki ki tatsa duk awa 3. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a cikin lokacin aiki, ki nema tun kafin ki koma. Ki duba bakin injin: in kan nono yana gogar gefe, ko baƙin yana shigewa ciki da yawa, girmansa bai dace da ke ba, kuma nono mai laushi ya fi fuskantar wannan. Ki riƙa matsa nonon da hannu yayin da injin ke ja, ki ƙarasa da tatsar hannu. Nonon da aka tatsa yana yin awa 4 a ɗaki mai sanyi, amma a zafin bazara kada ki bar shi ya kai haka. A firij kwana 4, a firiza wata 6, in wutar ba ta yankewa. Tun da mun san halin wutarmu, kular sanyi mai ƙanƙara a ciki ta fi miki aminci, tana riƙe shi har kwana ɗaya, kuma wanda ya narke ba a mayar da shi firiza. Ki rubuto mini bayan awon na biyu, ina so in ji abin da sikeli ya ce da abin da gwajin jini ya nuna.

TAMBAYA

Anti, 'yata tana da wata bakwai tana shan nono. Nauyina ya kai kilo 135, kuma kuɗin aikin rage tumbi ya samu yanzu. Zan iya tafiya a yi mini in ci gaba da shayar da ita?

Wata uwa, daga Maraɗi

AMSA

'Yar'uwa, maganin barcin tiyata ba shi ne matsalar ba, mace tana iya shayarwa da zarar ta farfaɗo sosai. Matsalar ita ce makonnin da ke biyo baya. Kafin aikin ana sa mutum rage abinci ƙwarai na kamar sati biyu don hanta ta ragu, bayansa kuma sai ruwa-ruwa, sannan mai laushi, na makonni, kina kurɓa da ƙyar. Jikin da ke fama da neman ruwan kansa da warkar da ɗinki zai yi wuya ya riƙe nono, ga rabuwa da yarinyar na kwanakin tafiya. In babu wata cuta da ta sa likita ya ce a gaggauta, ni shawarata ki ajiye kuɗin ki bari ta yi ƙarfi a cin abinci ko ki yaye ta, ki yi amfani da wannan lokaci ki gyara jininki da bitamin D, ki kuma samu likita a gida wanda zai riƙa bibiyarki bayan kin dawo.

Ki shirya maganar tazarar haihuwa da maigida tun kafin ki hau jirgi. Ana so a bar wata 12 zuwa 18 bayan aikin kafin a ɗauki ciki, kuma haihuwa takan buɗe da sauri da zarar nauyi ya fara sauka, har ga wadda ta daɗe tana nema. In irin aikin da ake tsallake wani ɓangare na hanji za a yi miki, wanda ake kira baifas, ƙwayar sha ba abin dogaro ba ce don ba lallai ta shiga jiki yadda ya kamata ba. Ashanar hannu ko robar mahaifa sun fi, kuma duka biyun ba sa hana shayarwa.